Shekara Nawa Yarinya Ke Mallakar Kanta? Yadda Muhawarar Ta Shafi Ƙasar Zuru

Daga Wakilinmu a Zuru

A duk lokacin da aka ta da maganar shekarun da ya kamata yarinya ta cika kafin a aurar da ita, ko kafin shari'a ta ɗauki yardarta a bakin hujja, sai jama'ar ƙasar nan su rabu gida biyu. Waɗansu su kafe a kan shekara 18, waɗansu su ce balaga ita ce iyaka, kowane ɓangare kuwa yana ganin ɗayan bai san inda aka dosa ba. An yi wannan ja-in-ja a Majalisar Dattijai, an yi a gidajen rediyo, an kuma yi a masallatai da majami'u. Amma akwai wuraren da maganar ta wuce ta fatar baki, domin mutanensu sun ga abin da kan auku in yarinya ta rasa mai tsaya mata. Ƙasar Zuru, da ke kudu maso gabashin Jihar Kebbi, tana cikin irin waɗannan wurare.

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, watau Zuru, da Fakai, da Sakaba, da Danko/Wasagu. A cikinta akwai Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da Fakkawa, da Dukkawa, da Kambari, ga kuma Hausawa da Fulani. Ba abin mamaki ba ne a nan ka tarar da Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya a cikin dangi guda. Saboda haka aure iri uku ake ɗaurawa: na Musulunci, da na coci ko na rajista, da na al'ada, kowane da ƙa'idarsa da kotun da ke sauraron ƙararsa. To, in yarinya ta shiga wani hali, wace doka ce za ta kare ta ba tare da an tambayi ƙabilarta ko addinin ubanta ba?

ABIN DA YA FARU A BENA

Dattawan ƙasar nan ba su manta da abin da ya auku a garin Bena ba a farkon shekarar 1987, lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Kamar yadda jaridun wancan zamani suka bayar da labari, an ɗaura wa wata yarinya aure tana 'yar shekara 9 da wani makiyayi mai kimanin shekara 40, wanda ke bin mahaifinta bashi. Da ta kai shekara 12 aka kai ta ɗakin miji. Ta gudo gida, aka mayar da ita. Ta sake gudowa, aka sake mayarwa. Daga ƙarshe mijin ya sassare mata ƙafafu domin kada ta ƙara gudu. Aka kai ta asibiti a Sakkwato, a can rai ya yi halinsa. Labarin ya girgiza Nijeriya, har ya shiga jaridun ƙasashen waje, ƙungiyoyin mata kuwa suka tashi tsaye suna neman a kafa doka a kan auren ƙananan yara.

Ba wanda ya taɓa musun cewa abin da mijin nan ya aikata babban laifi ne. Musulunci ya haramta shi, al'ada ta ƙi shi, dokar ƙasa ta tanadi hukuncinsa. Abin lura shi ne shekaru ukun da suka gabaci ranar. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, da aka fara aiki da shi a 1960 zamanin Sardauna, shi ne ke aiki a lokacin. Sashe na 282 na kundin ya ce duk wanda ya sadu da yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba ya yi fyaɗe, ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Amma sashen ya keɓe matar mutum, muddin ta balaga. Kundin kuma bai yanka shekarun aure ba. Ashe ke nan yarinyar Bena, ko da yake ba ta kai 14 ba, aure ya fitar da ita daga inuwar wannan sashe. Duk gudun da ta yi, kuka ne na neman ceto, amma babu wani ma'aikacin hukuma da doka ta ɗora wa nauyin ya tsaya ya tambaye ta abin da take gudu. Doka ba ta farka ba sai da jini ya zuba.

MAGANA UKU DA AKE CAKUƊAWA

Yawancin ruɗanin da ake samu a wannan muhawara ya taso ne daga haɗa magana uku da ba ɗaya suke ba.

Ta farko ita ce shekarun aure. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya, wadda Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa wa hannu a 2003, ta ce yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Sashe na 21 ya ce auren wanda bai kai haka ba bai ɗauru ba. Sashe na 22 ya hana yi wa yaro baiko. Sashe na 23 ya yanka tarar N500,000, ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyun, ga wanda ya auri yaro ko ya aurar da shi.

Ta biyu ita ce shekarun amincewa, watau iyakar da in yarinya ba ta kai ba, faɗar ta yarda ba ta wanke namijin da ya taɓa ta. Final Kod ya sa 14. Kundin da jihohin Kudu suka gada ya tanadi ɗaurin rai da rai in yarinyar ba ta kai 13 ba, da hukunci mai sauƙi in tana tsakanin 13 da 16. Dokar 2003 kuwa, a sashe na 31, ta ɗaga iyakar zuwa 18, ta yanka ɗaurin rai da rai, ta kuma ce ba hujja ba ce mutum ya ce ya zaci ta girma, ko ya ce da son ranta aka yi.

Ta uku ita ce abin da Tsarin Mulkin 1999 ya faɗa a sashe na 29, wanda ke magana a kan wanda ke son ya bar zama ɗan Nijeriya. Sashen ya ce sai cikakken mutum, watau mai shekara 18, sa'an nan ya ƙara da cewa duk macen da ke da aure ana ɗaukarta cikakkiyar mutum. A ran 16 ga watan Yuli, 2013, Majalisar Dattijai a ƙarƙashin Sanata David Mark ta nemi ta goge wannan ƙari. Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura ya ce gogewar ta saɓa wa Musulunci, aka sake ƙuri'a, 60 suka ce a goge, 35 suka ce a bari. Da yake ana bukatar ƙuri'a 73, sai sashen ya tsaya yadda yake. Nan da nan labari ya bazu cewa majalisa ta halatta auren yara, alhali ba ta kafa wata sabuwar doka ba a ranar, tsohon rubutu ne ta kasa gogewa.

Haka nan zancen da ake yawan yaɗawa a intanet cewa wai shekarun amincewa a Nijeriya 11 ne. Asalinsa wani shirin doka ne kan laifuffukan lalata da majalisa ta zartar a watan Yuni, 2015, wanda aka ambaci shekara 11 a wani sashe nasa. Jama'a suka yi ca, har Farfesa Wole Soyinka ya roƙi Shugaba Muhammadu Buhari kada ya sa hannu. Ba a kuwa sa hannun ba, shirin bai taɓa zama doka ba.

ME YA SA DOKAR 2003 TA DAƊE A HANYA?

Mai karatu zai iya tambaya, in Tarayya ta yanka 18 tun 2003, ina sauran gardama? Amsar tana cikin Tsarin Mulki. Jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka, a lamba ta 61, ya ba ta iko a kan aure, amma ban da auren Musulunci da na al'ada. Sha'anin yara kuma na jihohi ne. Saboda haka dokar 2003 ba ta aiki kai tsaye sai a Abuja. Tilas kowace jiha ta kai ta majalisarta, jihohi da yawa kuwa sai da suka yi mata gyare-gyare. Sakkwato ta yi tata a 2021, Kano a 2023. A Kebbi, Gwamna Abubakar Atiku Bagudu ya sa hannu a kan dokar kare yara, tare da dokar hana cin zarafin jama'a, a 2022, watau shekara 19 bayan ta Tarayya, shekara 35 bayan abin da ya faru a Bena.

HUJJOJIN ƁANGARORIN BIYU

Masu ƙin a yanka 18 ba a banza suke magana ba. Suna cewa Musulunci bai ambaci adadin shekaru ba, kuma a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan uba yana da ikon zaɓa wa 'yarsa budurwa miji. Suna cewa lambar daga yarjejeniyoyin ƙasashen waje ta fito, irin ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 da ta ƙasashen Afirka ta 1990. Talaka kuma yana da tasa tambayar: in 'yata ta gama firamare, babu sakandare kusa, babu kuɗin kai ta nesa, ga samari suna zarya a ƙofar gida, in ajiye ta har yaushe? Tsoron abin kunya gaskiya ne, wanda bai san shi ba bai san ƙauye ba.

Masu neman a yanka 18 su ma da tasu hujja. Likitoci sun tabbatar cewa yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi shiga haɗarin doguwar naƙuda, ita ce kuwa babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari in ba a kai mace asibitin da za a yi mata aiki da wuri ba. Wanda ya leƙa cibiyar masu wannan ciwo da ke Gesse a Birnin Kebbi, ko asibitin Babbar Ruga a Katsina, ba ya bukatar dogon bayani. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Wani bincike na 2021 ya sami kimanin kashi 30. An samu raguwa ke nan, amma Arewa maso Yamma tana cikin inda abin ya fi yawa.

Sai dai in aka natsu, tazarar da ke tsakanin ɓangarorin ba ta kai yadda ake zato ba. Malaman fiƙihu sun yi sharaɗin cewa ikon uba ba ya halatta cutarwa, kuma matar da ake cuta tana da damar kai kuka wurin alƙali ya raba auren. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren wata mata da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albabi, ya soki masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ƙasashen Musulmi da dama kuma sun yanka shekaru: Maroko ta sa 18 a 2004, ta bar wa alƙali damar ba da izini in akwai dalili, ko da yake daga baya an yi kukan izinin ya yi yawa. Masar ta sa 18 a 2008. Saudiyya, a dokarta ta iyali ta 2022, ta hana rubuta auren wanda bai kai 18 ba sai kotu ta duba ta yarda. Turawa da kansu ba su daɗe da gyara nasu ba: Faransa sai a 2021 ta tsayar da 15 a matsayin iyakar amincewa, Ingila kuwa sai a 2023 ta ɗaga shekarun aure zuwa 18.

DARASIN GOLMO

Ƙasar Zuru tana da nata abin faɗa a wannan magana. A al'adar Lelna akwai golmo, inda saurayi kan shiga cikin tsaransa su yi wa mahaifin yarinya noma, bisa al'ada har damina bakwai, kafin a ba shi mata. Ko da ba don shekaru aka ƙago al'adar ba, ta zama wani shinge: yarinya tana girma a gidan ubanta, dangi suna ganin halin saurayin shekara da shekaru, mai kuɗi kuma ba ya zuwa rana ɗaya ya ɗauke ta. Amma al'adar tana da nata rauni, domin sau da yawa tun yara suna ƙanana iyaye kan ƙulla alkawari ba a ji ta bakinsu ba, irin baikon da dokar 2003 ta hana ke nan. Yau golmo ya ja baya a wurare da yawa, kuɗi sun maye gurbin fartanya. In tsohon shinge ya faɗi ba a kafa sabo ba, gona ta zama ta kowa.

GIƁI UKU DA SUKA RAGE

Yanzu dai Kebbi tana da doka. Amma lambar da aka rubuta a takarda ba ta kare kowa sai an cike giɓi uku.

Na farko, takardar haihuwa. Duk dokar da ta dogara a kan shekaru, tilas a iya tabbatar da shekarun a gaban alƙali. Dokar 1992 ta wajabta yi wa kowane jariri rajista a Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, amma binciken 2021 ya nuna kimanin kashi 57 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa. A ƙauye shekarun yarinya abin da uba ya faɗa ne. An ga illar haka a maƙwabciyarmu Jihar Neja a watan Mayu, 2024, lokacin da Kakakin Majalisar Jiha, Abdulmalik Sarkindaji, ya ɗauki nauyin aurar da marayu 100 a Mariga. Ministar Harkokin Mata ta lokacin, Uju Kennedy-Ohanenye, ta ce tana tsoron akwai ƙananan yara a ciki, masu shirya auren suka ce duk sun isa. Aka yi kwanaki ana musayar kalamai kafin a sasanta. Da kowace yarinya tana da takardar haihuwa, da awa ɗaya ta isa a kashe gardamar.

Na biyu, makarantar da uba zai kai 'yarsa ya yi barci. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, har da hukunci ga iyayen da suka ƙi. Babu abin da ke jinkirta aure kamar makaranta. Amma a ran 17 ga watan Yuni, 2021, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai. 'Yan mata 11 suka daɗe a hannunsu, ba a gama sako su ba sai a 2023, waɗansu sun dawo da goyo. A ran 17 ga watan Nuwamba, 2025, aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, a Danko/Wasagu, cikin masarautar nan, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25. Allah Ya sa sun kuɓuta cikin kwanaki kaɗan. Duk da haka, kowane hari irin wannan yana ƙara wa mai cewa gara aure da makaranta ƙarfin hujja. Uban da ya cire 'yarsa don tsoro, da wuya ya bar ta zaune a gida shekara huɗu.

Na uku, kashe magana a zaure. Sanin kowa ne cewa yawancin ƙarar fyaɗe ba ta isa kotu. Manya su taru, a ba da haƙuri, a biya kuɗin magani, wani lokaci ma a aura wa yarinyar wanda ya ɓata ta domin a rufa asiri. Wanda aka rufa wa asiri a nan shi ne mai laifi, gobe kuwa 'yar wani zai taɓa. Jihar Kaduna ta tsananta hukunci a 2020, har da dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yarinya 'yar ƙasa da 14 fyaɗe, amma hukunci komai tsananinsa ba ya hawa kan wanda ba a kai gaban alƙali ba. Iyaye na gudun tonon silili ne, shi ya sa dokar 2003 ta tanadi kotun iyali, inda ake shari'a ba tare da 'yan kallo ba, aka kuma hana buga sunan yaro. Ya kamata kuma iyaye su sani cewa maganin rigakafin cutar ƙanjamau ba ya aiki sai an fara shi cikin awa 72, saboda haka asibiti ne farko kafin kowane zama.

ABIN DA YA RAGE A YI

Ba sai an jira malamai da lauyoyi sun gama daidaitawa a kan 18 ko balaga ba kafin a kama aiki. Hakimai da dagatai da masu unguwanni suna iya sa ido a yi wa kowane jariri rajista, yadda suka taimaka a yaƙin cutar shan-inna. Limami ko fasto yana iya neman takardar haihuwa, ya kuma aika a ji ta bakin amarya, kafin ya ɗaura aure. Gwamnatin jiha tana iya fassara dokar 2022 da Hausa da harshen Lelna, a karanta ta a rediyo sashe-sashe, domin talaka ya san abin da aka hana shi da abin da aka ba 'yarsa. Tana kuma iya tabbatar da cewa mutumin Bena ko Ribah ko Dirin Daji yana samun kotun iyali da ma'aikacin jin daɗin jama'a a kusa, ba sai ya sayar da buhun dawa ya tafi Birnin Kebbi ba. Tsaron makarantun kwana kuwa, wannan nauyi ne da ke wuyan gwamnatin jiha da ta Tarayya baki ɗaya.

Abu mafi sauƙi, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne a mayar da gudun yarinya daga gidan miji abin bincike. Kafin kawu ko gwaggo ko mai unguwa ya kama hannunta ya mayar, a zaunar da ita, a sa mace mai hankali ta tambaye ta, a kai maganar gaban alƙali in ta kama. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. In kuwa haka ne, alhakinsa ma yana kan kowa.